Bakwai a Dama, Shida a Hagu

Motar da na yi yawancin aikina na malamin dabbobi da ita tsohuwar a-kori-kura ce, fara, irin mai ja da ƙafa huɗu. A gwanjo na same ta, bayan masu haƙar rijiyar burtsatse sun gama cin ƙuruciyarta. Kujera ta yage har soso ya leƙo, ƙofar direba sai ka ɗan ɗaga ta sannan take rufuwa, amma duk rugar da ke tsakanin Ƙaraye da Rogo, ko da ruwa ya cinye hanya, tana kai ni. Doka ɗaya na kafa mata tun ranar da ta shigo hannuna: ba ta ɗaukar dabba. Motar da ke yawo ruga-ruga da akwatin allurar rigakafi, in ta ɗauki saniya mai ciwo yau, gobe ita za ta kai wa garke na gaba ciwon. Kowa a danginmu ya san da haka, har waɗanda suka yi fushi da ni da Babbar Sallah don na hana su saka rago.

A daminar wata shekara aka tura ni kwas Zariya na sati shida. Kulocin motar ya daɗe yana ba ni wahala, sai na ga dama ta samu. Na kai ta wurin bakaniken da ke duba min ita, a bayan tasha. Benci ɗaya muka zauna da shi a firamare, ni na ci gaba da karatu, shi ya shiga gareji. Yana ce min Likita, ina ce masa Injiniya, kuma shekara tara ba wanda ya sa wa motar sifana sai shi. Na ba shi makulli, na ce in ya gama ya kira yayana ya zo ya mayar da ita gida. Yayana mai unguwa ne a ƙauyenmu, can wajen Kwanyawa. Ya iya tuƙi tun yana saurayi, amma abin hawansa babur ne.

Bayan sati shidan, da hantsi na dawo. Tun daga bakin layi na hango ta a gindin darbejiyar ƙofar gida, sai na tsaya da jaka a hannu. Ta karkace. Ƙugunta na hagu ya zauna, kamar saniyar da kofato ke wa ciwo. Na san bayanta ya ɗan sauka saboda tsufa, amma hagu da dama tare suka sauka, ba haka na bar ta ba. Na zura hannu tsakanin taya da bodi. A dama tafin hannuna ya shiga a tsaye har da saura, a hagu da ƙyar yatsu uku suka shiga.

Kuma an wanke ta. Ba wankin sama-sama ba, har cikin bodi, har ƙarƙashi. Yayana ba mai wanke abin hawa ba ne, babur ɗinsa sai ruwan sama ya wanke masa.

Maiɗakina ta yi min sannu da zuwa ta kawo ruwa. Ban kai kofin baki ba na tambaye ta yaushe aka kawo motar.

Ta ce, "Shekaranjiya Yaya ya kawo ta, da la'asar."

"Shekaranjiya? Aikin kwana uku ne fa."

"Ni dai ranar na gan ta. Bai ma zauna ba. Na ce ya tsaya ya ci abinci, ya ce ana jiransa."

Na canza riga, na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashi. Bayan irin wannan mota a kan sifirin biyu yake zaune, hagu da dama. Kowanne ganyayen ƙarfe ne dogaye da aka jera ɗaya kan ɗaya, babba a sama, suna raguwa har ƙasa, an lanƙwasa su kamar baka. Bol ɗaya ya huda su a tsakiya, wasu biyu masu lanƙwasa sun rungume su sun ɗaure da aksul, ƙarfen da tayoyi ke jikinsa. Notocin dama suna nan yadda na san su, tsatsa ta haɗa su da ƙarfe. Na hagu kuwa gefunansu na ƙyalli, ba a daɗe da sa musu sifana ba. Na bi ganyayen da yatsa ina ƙirgawa. Dama bakwai. Hagu shida. Sau uku na sake, bai canza ba. A cikin shidan ma akwai ɗaya baƙo, ya fi sauran kauri, bakinsa duk tabon yanka.

Na jima a kwance a wurin. Na sha jin yadda ake yi wa mai mota in ya juya baya: a cire masa kayan asali, a cusa masa na bola, nasa kuma a saka wa wani. A kan wasu nake jin labarin, ban taɓa kawo Injiniya a ciki ba. Amma makulli a hannunsa na bari, kuma ga sawun sifana.

Washegari na je garejin a ƙafa. Na same shi a tsugune yana wanke wani ƙarfe da fetur a cikin roba. Muka gaisa, ya tambayi Zariya, ya tambayi iyali, na tambayi nasa.

Ya ce, "Kuloci ya yi, Likita?"

Na ce, "Kuloci ya yi. Baya ne bai yi ba."

Bai ɗago ba. "Ai ka san shekarunta. Ƙarfe ma yana gajiya."

"Yana gajiya har ganye guda ya tashi ya bar wurin?"

Hannunsa ya tsaya a cikin robar. Can ya ce, "Kawo ta in ɗaga maka ita. Ina neman ganyen, ban samu irinsa ba ne. Ba sai ka ba da komai ba."

"Wa ya kwance sifirin ɗin?"

"Ni na kwance."

"Me ya sa?"

"Likita, ka bar wannan maganar. Ka dai kawo ta."

Da musu ya yi min, da sai in ce ko wani ne ya shiga garejin ba da saninsa ba. Amma ya amsa, ya ƙi faɗin dalili, ga shi kuma yana neman yi min aiki kyauta. A gefe akwai motar wani mai fataucin rake, irin tawa, bayanta ya ɗagu sama kamar an yi mata sabon ƙugu. Da zan fita na yi kamar takalmina ya kwance, na durƙusa kusa da ita na leƙa. Ganye takwas-takwas. Duk tsohon ganyen sifirin kalarsa ɗaya ce, kalar ƙasa, amma a ranar sai na ga biyu daga ciki nawa ne. Da na miƙe muka haɗa ido da Injiniya. Ya ga abin da na yi.

Na kira yayana a waya da yamma. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, da ka ɗauko motar nan ba ka ga ta karkace ba?"

Ya ce, "Ni ai ban san mota kamar ka ba. Bari, ina gaban dagaci, ma yi magana in an jima."

Bai kira ba. Na ɗauka kunya ce, don an cuci ƙaninsa a kan idonsa bai lura ba.

Muna da majalisa a shagon wani tela, nan muke zama bayan an sauko daga Juma'a. A wannan satin wani malamin makaranta da ya sayi ƙaramar mota ya tambayi wa zai riƙa kai wa gyara, aka ambaci Injiniya. Na ce, "Ya iya aiki. Sai dai in za ka kai masa, ka ƙirga ganyen sifirinka tukuna." Aka yi dariya, wasu suka dube ni suna jiran ƙari. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Kafin sati ya zagayo na ji maganar a bakin wani ɗan acaɓa, an ƙara mata cewa har batir aka canza min.

Motar kuwa ba ta aiki a haka. Kowane rami sai in ji aksul ya bugi shasi, wato ƙarfen da bodi ke zaune a kai, kwalaben allura na kaɗawa a baya, sitiyari na ja na gefe. Wani direba ya ce min akwai wani tsohon maƙeri a Rogo da ba ya aikin komai sai sifirin, motocin rake da na hatsi duk shi ke ɗaga musu baya. Na ga ya yi min, don nesa da Ƙaraye ne, ba ruwansa da kowa. Na yi sammako na tafi a hankali, ina kauce wa ramuka. Na ɗauki gwangwanin jan fentin da muke shafa wa shanun da aka riga aka yi wa allura.

Maƙerar rumfa ce ta kwano a bayan kasuwa, ƙasanta siminti ne da ya sha baƙin mai. Tsohon gajere ne, kafaɗunsa sun fi ƙarfin jikinsa, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. Ƙaninsa ke taya shi, shi ma gemunsa ya yi fari. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya danna bayanta da hannu ya saki, ya ce duka biyun za a kwance.

Na ce, "Baba, hagu ne kawai ya zauna."

Ya ce, "In na ɗaga hagu na bar dama, gobe dama ce za ta zama hagu. Ko duka, ko ka tafi da abarka."

Na ce a raina ga wani kuma, yana neman ninka aiki. Amma na amsa. Suka sa jak a ƙarƙashin shasi, suka tokare da kututturan itace, suka cire tayoyin baya. Notocin dama sai da aka jiƙa su da baƙin mai, aka zura bututu a hannun sifana suka taru su biyu suka danna, sannan suka yi ƙara suka saki. Na hagu da hannu ɗaya ƙanin ya kwance su. Aka fitar da sandunan da ke riƙe da bakin sifirin gaba da baya, robobin ciki duk sun mutu sun zama gari. Da aka jawo sifirin biyun waje, kafin su taɓa komai, na buɗe gwangwanina na bi kowane ganye na ɗiga masa jan fenti.

Tsohon ya tsaya yana kallona har na gama. Ya ce, "Malam, an taɓa ka ne?"

Na ce, "An taɓa ni, Baba."

"To. Ga benci nan, ka zauna inda za ka ga hannuna."

Ya naɗe sifirin da sarƙa kafin ya kwance bol ɗin tsakiya, ya ce in ba haka ba ganyen kan yi tsalle ya fasa wa mutum ƙauri. Ya sassauta a hankali, ganyayen suka rabu, tsatsa da jar ƙasa suka zubo. Ya jera su a kan siminti, na dama a layi ɗaya, na hagu a layi ɗaya. Ya kwantar da babban ganyen dama a kan gefensa, ya bi bayansa da gawayi ya zana lanƙwasarsa a ƙasa. Sannan ya zana wani layin a sama da shi, da ɗan tazara, ya ce nan yake so kowanne ya kai. Da ya ɗora babban ganyen hagu a kan zanen, ko kusa bai zo ba, ya miƙe kamar sanda, kuma ya ɗan murɗe.

Na ɗauka wuta zai hura. Ya ce wanda ya sa wa sifirin wuta ya kashe shi, zai ɗagu yau, wata guda ya kwanta kwanciyar da ba tashi. Da sanyinsa ake dukansa. Yana da guntayen ƙarfen dogo biyu da ya kafa kusa da juna, da rata a tsakani. Ƙanin ya riƙe ganye ya ɗora a kan ratar, tsohon ya sauke guduma, a matsa ɗan yatsa biyu, ya sake saukewa, tun daga wannan baki har wancan. In sun kai ƙarshe sai a kai ganyen kan zanen gawayi a gwada, a dawo da shi. Ganye ɗaya sai ya sha zuwa biyar ko shida. Tun ina ƙirga dukan har na bari, kunnena ya ɗauki ƙara, na gane dalilin kurumtarsa.

Da ya zo kan baƙon ganyen nan sai ya dakata. Ya juya shi, ya shafa bakinsa da babban yatsa.

Ya ce, "Wannan daga sifirin babbar mota aka yanko shi. Ka ga an rage faɗinsa da magagari, an huda tsakiyarsa da hannu. Wuni guda ne wannan aikin. Wa ya yi maka?"

Na faɗa masa, na kuma faɗa masa abin da nake zato.

Ya girgiza kai. "Mai son ya sace maka ganye ba zai wuni yana gogar wani ya saka maka ba. Kuma na san hannun nan. Shekara biyu ya yi a rumfar nan yana riƙe min ƙarfe."

Injiniya yake nufi. Na baro Ƙaraye don in sami wanda bai san shi ba, ashe wurin maigidansa na kawo kaina. Na fara tunanin ko direban da ya turo ni ma da saninsa, ko an riga an yi waya kafin in iso. Na gyara zama, na ƙara sa ido a kan ɗigon fentina.

Tsohon bai damu da fuskata ba. Ya ɗauko ganye na biyu na hagu ya nuna min wani sabon gurzau a cikinsa. Ya ce, "Nan guda biyu suka karye suka ci wannan. Ba tsufa ba ne. Tsufa a hankali yake kwantar da ƙarfe, ba ya murɗa shi. Motar nan rami ta faɗa da kaya, kuma kayan duk gefe ɗaya suka zubo."

Aka kira azahar muka yi salla. Da muka dawo rana ta juyo kan bencin, sai na koma inuwar motar na zauna a ƙasa, daidai inda aka cire tayar hagu. Daga nan ana ganin ƙasan bodi, wurin da ruwan wanki ba ya kaiwa. A jikin shasi akwai wani baƙin abu da ya gangaro ta hudar bol ya bushe. Na kankara da farce na murza. Wanda ya yi shekara ashirin yana aikin dabbobi ba ya rikita busasshen jini da baƙin mai. Na tashi na duba maɗaurin ƙofar baya, na zaro wani tsumman gashi da ya maƙale a ciki, fari, dogo, na wutsiyar saniya. A ƙarfen gefe kuma ga inda igiya ta cinye fenti, wuri huɗu.

Na naɗe gashin a takarda na sa a aljihu. A shekarun nan ba rugar da za ka zauna ba a yi maganar shanun da aka kora ba, kuma kowa ya san ba a ƙafa kaɗai suke tafiya ba, akwai masu ɗauka a mota. Motata kuwa ba Bafulatanin da bai san ta ba daga Kwanyawa har Fulatan. In ta wuce da saniya a baya ba wanda zai tsayar da ita, za a ce likita ne. Mutum biyu ne suka riƙe makullin. Ɗaya ya ce in bar maganar, ɗaya ya ce ma yi magana in an jima. Na tuna yayana ya yi wa zaurensa sabon rufi a bazarar da ta wuce. Ban taɓa tambayar kaina da me ya yi ba sai a ranar.

Sauran aikin a gabana aka yi, amma rabin hankalina ba ya wurin. Tsohon ya ɗauko ganye ɗaya daga tarin da ke bayan rumfa ya cike na hagu bakwai. Ya ce a bar baƙon ganyen, ya fi na asali ƙwari. Suka goge tsatsa, suka shafa giris tsakanin ganyaye, suka matse da sabon bol na tsakiya, suka buga sabbin robobi. Bai ƙarasa ɗaure notoci ba sai da aka sauke motar ta tsaya da ƙafarta. Ta miƙe, hagu da dama ɗaya, har ta fi yadda na saye ta. Na duba ɗigon fenti, goma sha uku suna nan. Ya ce bayan sati in sa a ƙara matse notocin, don ƙarfe zai zauna.

Ban biya ta gida ba, ƙauye na wuce. Na sami yayana a zaure bayan la'asar, shi kaɗai, yana gyaran igiyar guga. Muka gaisa kamar kullum, na tambayi iyali da jama'a, ya tambayi hanya. Sannan na fito da takardar na buɗe a kan tabarma a gabansa.

Ya dube ta. Ya ce, "Rufo ƙofar nan."

Na rufo na dawo.

"Me kake zato?"

Na ce, "Yaya, ban zo da zato ba. Tambaya na zo yi." Ƙarya nake, kuma ya sani.

Ya ajiye igiyar ya ba ni labari. Sati biyu da tafiyata, shanun rugar da ke bayan fadamarmu suka ɓalle wa makiyayi suka shiga masarar wani dattijo, ta fara fitar da goyo. 'Ya'yan dattijon biyu suka riske su da adduna, suka sare wa shanu biyu agara. Kafin labari ya iso wurin yayana samarin ruga sun tafi kiran 'yan uwansu, na ƙauye ma sun fara taruwa. Ya same su a bakin gona, shanun na kwance suna zubar da jini. Shi da ardon rugar da dagaci suka tsaya a kan abu ɗaya: a ɗauke shanun daga idon mutane tun da ransu, a kai wa mahauta su yanka kafin su zama mushe, sauran magana a yi ta a zaure. Ba Ƙaraye ba, don kada zance ya cika gari, Rogo. Ya hau babur ya je gareji ya karɓi makulli. A mashigin wani rafi gaɓa ta zabtare, tayar hagu ta faɗa, shanun biyu suka zubo gefe ɗaya. Injiniya ne ya zo a babur ya ɗaure sifirin da sarƙa har suka isa, sannan ya yi sati uku yana neman ganye.

Na ce, "Waya fa, Yaya? Zariya ba bangon duniya ba ce."

Ya ce, "Da na kira ka, za ka ba ni?"

Bai jira amsata ba.

"Kuma da ka sani sai ka rubuta. An sari dabba, an yanka ba ka duba ba, aikinka ne ka rubuta. In ka rubuta magana ta fita hannunmu, yaran nan biyu a tafi da su, ruga da ƙauye kuma ba su ƙara shan ruwa a rafi ɗaya. Mun yi alkawari a gaban dagaci ba mai ɗaga ta. Abokinka ma ni na roƙe shi, na ce ko kai kada ya gaya wa."

Gaskiya ya faɗa, da na rubuta. Amma a hanyar komawa sai na ga labarin ya zauna daidai ƙwarai, ba inda ya bar rata, kuma mutumin da ya yi sati shida yana shirya amsa haka amsarsa za ta kasance. Ban ji kunyar wannan tunanin ba a lokacin. Na wanke bodin da maganin kashe ƙwayoyin cuta sau biyu, na jira ranar da zagayen allura zai kai ni rugar.

Ardon dattijo ne mai ƙarancin magana, mun daɗe da sanin juna. Muka gaisa da Fillanci, muka koma Hausa. Muna bin garke ina allura yana riƙe min ƙaho, sai muka zo kan wata 'yar maraƙa da aka ɗaure ita kaɗai a gindin kargo, ta rame, wata tsohuwa na ba ta madara a ƙwarya.

Na ce, "Ardo, ina uwar wannan?"

Ya dubi motar, ya dube ni. Ya ce, "A motarka ta tafi Rogo, Likita. Allah ya saka wa yayanka. Abin ya wuce, kada mu tashe shi."

Na tsuguna na duba bakin maraƙar da idonta, na daɗe ina dubawa fiye da yadda ake bukata. Na bar musu maganin tsutsa.

Ranar da sati ya cika na kai motar bayan tasha. Garejin ba kamar da ba, mota ɗaya ce a ciki. Injiniya ya fito yana goge hannu, ya dubi bayan motar ya ce aikin Baba ne wannan. Na ce shi ne, kuma shi ya ce a ƙara matse notoci. Ya ɗauko sifana ya shiga ƙarƙashi, ni kuma na tsuguna a gefe ina ganin ƙafafunsa kawai.

Na ce, "Injiniya, na je ƙauye. Na je ruga."

"To."

"Na yi maka abin da bai kamata ba. Ka yafe min."

Sifana ta yi ƙara sau biyu kafin ya amsa. Ya ce, "Surukina ne ya fara kawo min maganar. A gaban iyalina ya tambaye ni ko gaskiya ne." Ya koma kan wani notin. "Na yafe, Likita. Amma da nan ka zo ka zage ni, mu biyu, da ya fi min sauƙi."

Ya gama ya fito, ya ƙi karɓar komai, ya ce in gaida gida.

Juma'ar da ta biyo na jira majalisa ta cika. Na ce maganar da na yi a kan Injiniya kuskure ce, bai taɓa min komai ba, ni ne ban bincika ba, kuma duk wanda ya kai ta wani wuri ya taimaka ya kai wannan ma. Malamin makarantar ya ce to ina ganyen ya tafi. Na ce karyewa ya yi. Ya ce a gareji, mota na tsaye? Ba ni da amsar da zan iya bayarwa ba tare da na kwance alkawarin mutane ba, sai na ce haka dai abin yake. Na ga biyu daga cikinsu sun dubi juna. Wani ya ce a hankali, wataƙila an je an ba Likita haƙuri ne. Telan ya ce to, mun ji, ya saka wuyan riga a ƙarƙashin allura ya taka keke.